Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar FCCPC Kan Kasuwar Fulawa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarayya Mai Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Sayayya (FCCPC), Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan hukuma, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in roƙi hukumarku ta buɗe cikakken bincike a kan yadda kasuwar fulawa take gudana a Najeriya, tun daga jirgin ruwan da ke sauke alkama a Apapa har zuwa shagon dila a kasuwar Singa ta Kano, sannan ta wallafa abin da ta gano yadda kowa zai iya karantawa. Ni mai gidan burodi ne a Kano, kuma fulawa ce ke cinye kaso mafi girma na kuɗin da nake kashewa kowace safiya, saboda haka ba zan ɓoye cewa ina da ruwa da tsaki a maganar ba. Sai dai lamarin ya wuce gidajen burodi, domin da wannan buhu guda ne mai gurasa da mai fanke da mai cincin da mai murza taliya suke neman abincinsu, kuma a kansa ne mai shayi yake lissafin ko zai fito gobe.

Kowa ya san cewa fulawa ta yi tsada. Buhu mai kilo 50 da muke saya a kusan naira dubu goma kafin shekarar 2020 ya haura naira dubu hamsin a cikin 2024. A watan Yulin 2022 ƙungiyoyin masu gidajen burodi sun rufe tandunansu na wasu kwanaki, a watan Fabrairun 2024 kuma mata masu sana'ar gurasa sun fito kan titi a Kano suna kokawa da farashin. Bayanin da ake yi mana a kullum shi ne dala, da yaƙin Rasha da Yukiren, da kuɗin dizal, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ce ƙarya ne. Ƙasar nan tana shigo da alkama tan miliyan 4 zuwa 6 a kowace shekara, alhali wadda muke nomawa a gida ba ta kai ko kashi biyar cikin ɗari na abin da muke ci ba. Ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ta nuna cewa abin da aka girbe bai kai tan 40,000 ba. Da dala ake sayen alkamar waje, dalar kuma ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ce bai kamata fulawa ta tashi ba a irin wannan hali, bai yi wa masu niƙa adalci ba.

Tambayar da ba a amsa ba ita ce ko tashin da ta yi daidai yake da tashin kuɗin da aka kashe, ko kuwa an ɗora wani abu a kai. Farashin alkama a kasuwannin duniya ya kai ƙololuwa a watan Maris na 2022, daga nan ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da rabin wancan matsayi a cikin 2024. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da alkama da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150. Mu da muke sayen fulawa mun saba ganin cewa ranar da dala ta motsa sama, kafin mako ya zagayo dila ya kira ya ce kamfani ya ƙara kuɗi, amma idan dala ta lafa ko alkama ta sauka, sai a ce mana ai tsohon kaya ne a rumbu, sai an gama niƙa shi tukuna. Hujjar tsohon kaya ba ta taɓa aiki a lokacin hawa, sai a lokacin sauka. Ba ni da takardun da zan auna wannan da su, kuma babu wani mai gidan burodi da yake da su. Hukumarku ce doka ta bai wa ikon neman waɗannan takardu.

Dalilin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne yadda masu niƙa suka ragu a cikin shekaru goma sha biyu kacal. A 2010 kamfanin Olam ya sayi Crown Flour Mills. A 2016 ya sayi injinan fulawa da na taliya na kamfanin BUA a kan dala miliyan 275. Dangote Flour Mills, wanda aka sayar wa Tiger Brands na Afirka ta Kudu a 2012 aka kuma karɓo shi a ƙarshen 2015, shi ma ya koma hannun Olam a 2019 a kan naira biliyan 120. A 2022 kuma Flour Mills of Nigeria, mai Golden Penny, wanda yake niƙa alkama a Apapa tun 1962, ya mallaki fiye da kashi uku cikin huɗu na hannun jarin Honeywell Flour Mills, da amincewar hukumarku. Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai a nan Kano dama can reshen Flour Mills of Nigeria ne. Gaskiya ne BUA ya dawo harkar da sababbin injina, kuma akwai wasu kamar Life Flour Mill a Sapele, amma duk wanda yake cikin sana'ar ya san cewa gidaje biyu ne, Olam da Flour Mills of Nigeria, suke riƙe da mafi yawan fulawar da ake sayarwa a ƙasar nan. Sunayen da ke jikin buhuna suna nan da yawa kamar da, shi ya sa mai saye yake zaton yana da zaɓi, alhali sau da yawa buhu biyu masu suna daban daga aljihu ɗaya suka fito.

Ba na cewa girman kamfani laifi ne. Niƙa alkama sana'a ce da ke buƙatar jari mai nauyi, kuma wanda yake ɗauko jirgi guda mai tan dubu talatin ko hamsin zai samu sauƙin da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai samu ba, sauƙin da zai iya kaiwa ga mai saye idan akwai abin da zai tilasta a miƙa masa shi. Abin da ke tilastawar shi ne tsoron abokin hamayya. Idan masu sayarwa goma ne, wanda ya riƙe farashi a sama bayan alkama ta sauka zai wayi gari ya ga dilolinsa sun koma wurin maƙwabcinsa. Idan kuwa biyu ne ko uku, ba sai sun zauna a ɗaki sun ƙulla wani abu ba; kowanne yana kallon ɗan'uwansa, ya san cewa idan ya rage, ɗayan ma zai rage, duka su yi asara, saboda haka kowa sai ya yi shiru a inda yake. Dokar gasa ta san da irin wannan yanayi, kuma shi ya sa ta ba hukumarku damar binciken kasuwa baki ɗaya ko da ba a kama kowa da laifi ba.

Akwai kuma katangar da ke hana sabon mai niƙa shigowa, wadda gwamnati ce ta gina wani ɓangare nata. A 2012, harajin shigo da ƙwayar alkama ya zama kashi 20 cikin ɗari idan aka haɗa da ƙarin kashi 15 da aka ɗora, na niƙaƙƙiyar fulawa kuwa ya kai kashi 100. Manufar ita ce a riƙa niƙa a gida domin 'yan ƙasa su samu aiki, kuma manufa ce mai kyau. Sai dai sakamakonta shi ne babu wata fulawar waje da za ta shigo ta halastacciyar hanya ta ja farashi ƙasa, don haka an rufe kasuwar an bar ta a hannun waɗanda ke ciki. Wanda aka yi wa irin wannan gata da dokar ƙasa, ya zama wajibi a riƙa duba littafinsa fiye da na kowa. A kan wannan sai a ƙara maganar tashar jiragen ruwa, domin wasu daga cikin manyan masu niƙa suna da nasu wuraren sauke kaya a Apapa da Fatakwal, da rumbuna da motoci, kuma ya dace hukuma ta tambaya ko ƙaramin mai niƙa yana iya amfani da waɗannan wurare, kuma a kan wane farashi. Haka nan shekarun da dala take da farashi biyu, na gwamnati da na bayan fage, duk wanda ya samu ta a farashin farko ya yi wa wanda ya saya a na biyu fintinkau tun kafin a kunna inji. Ko sauƙin harajin 2024 ma ya zo da sharuɗɗa, ciki har da cewa sai kamfanin da ya shekara biyar yana aiki, wanda hakan ke nufin tsofaffin hannu ne suka fi cin moriyarsa. Ya kamata a san nawa ne daga cikin harajin da baitulmali ya yafe ya iso ga mai sayen burodi.

Bari in kwatanta yadda abin yake a wurinmu, domin daga Abuja ba lallai a gan shi ba. Mai gidan burodi ba ya saye daga kamfani kai tsaye sai idan babba ne ƙwarai. Wurin dila yake zuwa, dilan kuma yana da adadin motocin da aka ɗora masa ya sayar kafin ya samu rangwamen ƙarshen wata ko na ƙarshen shekara, wanda sau da yawa shi ne ainihin ribarsa. Dilan da ya raba ƙafa ya ɗauki kayan wani kamfani yana iya rasa wannan rangwame, saboda haka ko da sabon mai niƙa ya fito da fulawa mai kyau da rahusa, zai sha wuya kafin ya samu wanda zai ajiye masa ita a shago. Na taɓa zuwa sayen fulawa a lokacin da ta yi ƙaranci aka ce ba za a ba ni ba sai na haɗa da katan-katan na wani kaya da ba na buƙata, dilan kuma ya rantse cewa shi ma haka aka yi masa daga sama. Ko gaskiya ya faɗa ko ya fake da kamfani ne, wannan abu ne da hukuma za ta iya tantancewa cikin sauƙi idan ta nemi yarjejeniyoyin da ke tsakanin masu niƙa da dilolinsu ta karanta.

Idan farashin ya iso gidan burodi, ba mu da inda za mu kai shi. Kwaɓin buhu guda yana da adadin burodin da yake fitarwa, ga siga da yis da bota da itace ko gas da leda da kuɗin ma'aikata, mai shayi kuma ba zai karɓi ƙari kowane mako ba domin shi ma ɗan acaba da lebura yake sayar wa. Abin da ake yi shi ne a rage nauyin curi a kan sikeli, a bar kuɗin yadda yake, har burodin ya kai matsayin da mutum zai matse shi a tafin hannu ɗaya. Idan an kai iyakar ragewa sai a sallami yara biyu ko uku, idan abin ya ƙi sai a rufe. Mai gurasa a Jakara ta fi mu shiga tasku, domin ita jarinta bai wuce buhu ɗaya ko rabi ba, da bashi take ɗauka da safe ta biya da yamma, kuma ranar da aka ƙara dubu biyu a kan buhu, ribar wuninta ce ta tafi tun kafin ta hura wuta a tanderu.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne na manomi. Waɗannan kamfanoni da suke sayar mana da fulawa su ne kuma manyan masu sayen alkamar gida, kuma suna yin sayayyar ne a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta masu niƙa, FMAN, wadda ta kafa cibiyoyin saye a jihohin da ake noma. Ba zan hana su yabo ba, domin sun raba iri da injinan sussuka, sun kuma koyar da manoma. Amma manomin Kadawa ko na kwarin Haɗejia da ya shuka a watan Nuwamba domin ya ci moriyar sanyin hunturu, ya yi ta ban ruwa da fetur mai tsada har zuwa girbi a Maris ko Afrilu, idan ya zo sayarwa ya tarar manyan masu saye sun haɗu a inuwa ɗaya da farashi ɗaya, to ba ciniki zai yi ba, karɓa kawai zai yi. Abin da ke cetonsa a yanzu shi ne masu alkaki da finkaso da tuwon alkama da 'yan kasuwar Dawanau, waɗanda suke saye da kwano da buhu, amma wannan kasuwa ba za ta iya shanye amfanin ba idan noman ya bunƙasa kamar yadda gwamnati take fata tun da ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jigawa a watan Nuwamban 2023. An taɓa gwada hana shigo da alkama gaba ɗaya daga 1987 zuwa 1992, noman ya ɗan tashi, da aka ɗage haramcin kuma ya faɗi, domin ba a gina wa manomi kasuwar da za ta riƙe shi ba. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri za ta iya fitar da iri mai jure zafi iya ƙoƙarinta, amma manomi ba zai sake shuka abin da ya sayar da asara ba. Ya dace hukumarku ta duba ko sayayyar haɗin gwiwa irin wannan tana da izini a ƙarƙashin doka, da kuma wace kariya aka tanadar wa mai sayarwa a cikinta. Makiyaya da masu kiwon kaji ma suna da tasu maganar a kan dusar alkama, wadda daga waɗannan injina take fitowa.

Irin wannan bincike ba sabon abu ba ne a nahiyar nan. A Afirka ta Kudu, ƙorafin masu rarraba burodi a yankin Kef ta Yamma a ƙarshen 2006, bayan manyan kamfanoni sun ƙara farashi lokaci guda sun kuma rage musu rangwame, shi ne ya sa hukumar gasa ta ƙasar ta fara tono. Kamfanin Premier ya amsa laifi ya ba da bayanai domin a yi masa sassauci, an ci Tiger Brands tarar kusan rand miliyan 99 a 2007, a 2010 kuma Pioneer Foods ya amince da sulhun da darajarsa ta kai kimanin rand biliyan ɗaya, wanda ya haɗa da rage farashin fulawa da burodi da kafa asusun tallafa wa ƙananan masu sarrafa amfanin gona. Binciken da ya fara daga burodi ya gangara har zuwa niƙan alkama da na masara. Ban kawo wannan domin in ce abin da ya faru can shi ke faruwa a nan ba, ba ni da hujjar faɗin haka a kan kowane kamfani. Na kawo shi ne domin ya nuna cewa ƙananan 'yan kasuwa ne suke fara jin warin matsala, kuma hukumar da ta saurare su ta gano abin da ba a taɓa zato ba.

Hukumarku tana da ƙarfin yin haka. Dokar da ta kafa ta, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, ta haramta haɗa baki wajen tsayar da farashi ko raba kasuwa, ta haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa wajen danne wasu, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na cinikin shekara. Mun ga kun ci kamfanin taba na British American Tobacco tarar dala miliyan 110 a ƙarshen 2023, kun kuma ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024. Mun kuma ga jami'anku suna zagaya kasuwanni da kantuna suna duba farashin da aka liƙa a kan kaya. Wannan aiki ne mai amfani, amma mai kanti da dila su ne ƙarshen igiya, kuma matsa musu ba zai sauya farashin da aka yanke tun daga bakin teku ba. Wani abin da ya ƙara sa aikin ya dawo kanku shi ne cewa Dangote Flour Mills ya fita daga kasuwar hannun jari bayan cinikin 2019, Flour Mills of Nigeria ma ya fita a ƙarshen 2024, saboda haka bayanan da ɗan jarida ko malamin jami'a yake iya dubawa a da domin ya kwatanta riba da kuɗin kashewa sun ragu.

Abin da nake roƙo shi ne binciken ya bi buhu guda daga farko zuwa ƙarshe: nawa aka sayi alkamar, nawa ta iso tasha, nawa aka biya haraji, nawa niƙa ya ci, nawa aka samu daga dusa, nawa mota ta ɗauka daga Legas zuwa Kano, nawa ya rage a hannun mai niƙa da dila, wata bayan wata tun daga 2019. Sirrin kasuwancin kowane kamfani yana iya zama a rufe, amma jimillar lissafin haƙƙin jama'a ce. Ina kuma roƙon a bayyana dalilan da hukuma ta dogara da su wajen amincewa da cinikin Honeywell, da sharuɗɗan da aka gindaya idan akwai, da kuma ko an koma an duba cewa an cika su. Idan wani cinikin haɗewa ya sake zuwa gabanku a wannan fanni, a sanar da jama'a da wuri, a ba masu gidajen burodi da manoma damar yin magana kafin a yanke hukunci. Idan binciken ya nuna cewa masu niƙa suna kan gaskiya, dala da dizal ne kaɗai suka jawo tsadar, to an wanke su daga zargin da ake yi musu a kowace majalisa, mu kuma sai mu mayar da kokenmu ga Babban Banki da Ma'aikatar Kuɗi.

Idan hukuma ta amince za ta saurari jama'a, ina roƙon kada zaman ya tsaya a otal-otal na Abuja da Legas. A zo Kano da Haɗejia da Birnin Kebbi da Maiduguri, a yi zaman da Hausa, a gayyaci shugabannin masu gurasa da na masu shayi da ƙungiyar manoman alkama, a kuma tanadi hanyar da dila zai ba da bayani a asirce, domin babu dilan da zai buɗe baki a gaban wakilin kamfanin da yake ba shi kaya. Mu masu gidajen burodi muna da rasiɗan sayayya na shekaru a ajiye, da kwanan wata da farashi da sunan buhu, kuma a shirye muke mu miƙa su ga duk jami'in da kuka turo.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai gidan burodi,
Kano.